Yadda ake riƙe masu ba ki kaya idan a waya kike kasuwanci

Saura kwana tara biki, turmi arba'in na anko suka iso mani daga Kano. Da kaina na je tasha na karɓo, muka kwance buhun a tsakar gida ni da ƙanwata, ina ɗaga turmin farko gabana ya faɗi. Zanen shi ne, launin ne ba shi ba. Abin da uwar amarya ta zaɓa a hoto ruwan ƙasa ne mai duhu, wanda ke hannuna kuwa ya fi kusa da ruwan goro. Mata ashirin da shida sun riga sun biya. Na kira wanda ya turo, ya ce, "Hajiya ai shi ne, hasken waya ne kawai." Na koma cikin hirarmu ina laluben inda muka tsayar da maganar launi, ban tarar da komai ba sai saƙonnin murya: gaisuwa, tambayar iyali, da "in sha Allahu za ki ji daɗin kayan".

Ankon nan ya tafi da ribar wata biyu, ya kuma tafi da gidan biki guda da har yau ba su sake nemana ba. Amma da raina ya huce na zauna na yi nazari, mutumin bai yi niyyar cutata ba. Wanda na gani ne ya ƙare, ya ɗauko ɗan'uwansa ya cika, a ganinsa ya fitar da ni kunya. Ni ce ban taɓa gaya mashi cewa a irin kasuwata canji ba taimako ba ne.

Mai shago a nan Katsina a Babbar Kasuwa ko 'Yar Kutungu kayansa suna gabansa, mai saye zai taɓa, ya ja, ya ɗaga a rana. Mu da muke talla a WhatsApp da Instagram da Facebook, rabin shagonmu yana hannun wani mutum a Kano ko Legas ko Guangzhou. Shi zai zaɓa, shi zai ƙirga, shi zai ɗaure, amma in abu ya ɓaci sunanki ne za a ambata a unguwa. Shi ya sa nake ganin irin lallaɓar da muke yi wa kwastoma, mai ba mu kaya ma yana buƙatarta, har da ƙari. Da mata nake magana don su suka fi tambayata, amma namijin da ke sayar da takalma ko kayan waya a intanet, hanyarmu ɗaya da shi.

Mataki na farko: ki san hannu nawa ne tsakaninki da kayan

A kasuwar Kantin Kwari ta Kano kaɗai, mutum huɗu za su iya turo maki hoton turmi ɗaya, kowa da kuɗinsa. Akwai babban dilan da ya shigo da kayan, wanda ba zai kwance dila saboda turmi biyar ba. Akwai mai shagon da ya sara a hannunsa. Akwai yaron shago da ke ɗaukar hoto da wayarsa ya ɗora ɗan abin da zai samu. Sai ɗan kayi-nayi, wanda ba shi da ko ƙyalle, sai kin turo kuɗi ya shiga kasuwa nema.

Babu na yarwa a cikinsu. Lokacin da jarinki bai wuce na turmi goma ba, ɗan kayi-nayi mai amana ya fi maki babban dila amfani, don shi zai bi layi-layi ya haɗo maki kala-kala. Matsalar tana zuwa ne idan kika ɗauka da mai kaya kike magana alhali da mai nema kike. Mai kaya in ya ce akwai, to akwai. Mai nema in ya ce akwai, jiya ne ya gani.

Don haka tun ranar farko ki tambaya, cikin ladabi amma ba kwana-kwana: "Malam, kayan nan a shagonka suke, ko nemo mani za ka yi?" In nemowa ne, ku yanke la'adarsa a fili, kaza a kan kowane turmi ko kowace dozin, ya riƙa faɗa maki farashin kasuwa na gaskiya. Wanda ya san haƙƙinsa a yanke yake ba ya buƙatar ɓoye riba a cikin kuɗin kaya.

Ki kuma san inda kowane kaya yake da gindi. Atamfa, leshi da shadda, Kwari. Robobi, takalma da gwanjo, Kofar Wambai. Kayan masarufi na kwali, Singer. A Legas, Balogun ta yadi ce, Trade Fair ta kayan kwalliya. Takalmi da jaka ɗinkin gida, Ariaria a Aba. Kada kuma ki raina na kusa: mai haɗa turaren wuta da humra a bayan layinku, mai ɗinkin hula, mai kilishi, su ma masu ba da kaya ne, kuma duk abin da zan faɗa a nan ya hau kansu.

Mataki na biyu: bincike kafin sisin kwabo ya fita

Zuwa da kai ya fi aike. Daga Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne. In kika hau motar sassafe ta Charanchi, Kankia, Tsanyawa, Bichi, da hantsi kina cikin kasuwa, kuma ki kwana a gida. Tafiya ɗaya ta ganin shago da gaisawa ido da ido tana canza yadda mutum yake ɗaukarki har shekaru. In aure ko goyo bai bari ba, ki tura maigida ko ƙani ya je ya gaisa da sunanki, ya ga shagon, ya riƙe lambar layi.

Inda zuwa ba zai yiwu ba, ki yi kiran bidiyo a lokacin da kasuwa ke ci, ba da dare ba. Ya nuna maki ƙofar shago, ya ɗauko kayan da kika nuna ya buɗe a gabanki. Wanda kullum "sabis ba kyau" idan an zo kiran bidiyo, amma sabis ɗin yana kawo lambar asusu, ki bar shi.

Sauran binciken duk a wayarki yake. In ya ce kamfani ne mai rajista, shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yana da wurin neman suna kyauta, ki rubuta ki gani. A Instagram, a shafukan kasuwanci akwai inda ake nuna lokacin da aka buɗe shafi da ko an taɓa canza mashi suna. Shafin da aka buɗe watan jiya yana cewa shekara goma yake sana'a ya riga ya ba ki amsa. Sunan da zai fito a asusun banki ya dace da sunan mutumin ko na shagon. Kayan shafa, na ci ko na sha kuwa, a nuna maki lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin da za a turo, ba a hoton talla ba.

Sannan ki nemi wanda ya taɓa sari a hannunsa, musamman ɗan Katsina. Tambayar da ta fi kowace amfani ba "yana da kirki?" ba ce. Ki ce, "Ranar da aka samu matsala, me ya yi?"

Mataki na uku: gwaji

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Oda uku na farko su zama ƙanana, kuɗin da in ya tafi ba zai durƙusar da ke ba. Ki wanke ƙyalle ki ga ko yana zuba, ki auna yadi da tef, ki sa takalmin kwana uku a ƙafarki. Ki fi sa ido a kan oda ta uku, domin ta farko kowa yana gyara ta.

Mataki na huɗu: kowace oda ta zama a rubuce

Nan ne zuciyar al'amarin, kuma nan ne muka fi sakaci. Mu mutane ne masu son magana da baki, muna jin kamar rubutu rashin yarda ne. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Kuma a kan cinikin da ake ba da kuɗi kafin kaya su zo, wanda shi ne rabin sana'armu, hadisin Ibn Abbas ya ce a yi shi da sanannen ma'auni, sanannen nauyi, zuwa sanannen lokaci. Ke nan addini ma bai bar wannan ciniki a kan "za ki ji daɗin kayan" ba.

Ku yi cinikinku a waya yadda kuka saba, da gaisuwa da raha da tayi da albarka. Amma da zarar ciniki ya faɗa, kafin ki tura kuɗi, ki rubuta saƙo ɗaya da ya tattara komai. Ga irin wanda nake turawa:

"Salamu alaikum Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Ga abin da muka tsayar: atamfa mai lamba kaza, launin da ke hoto na biyu, turmi 20, yadi shida-shida, kowane a kan naira kaza, jimla kaza. Zan tura kafin alƙalami kaza yanzu, ciko idan ka nuna mani kayan kafin a ɗaure. A sa a mota ranar Talata da safe. Kuɗin dako naka, kuɗin mota nawa. In launin nan bai kai 20 ba, don Allah kada a cika da wani, a kira ni tukuna. Wanda ya zo da tabo ko yagewa zan maido cikin kwana uku a canza mani. In haka ne, ka amsa mani a nan."

Sai ya amsa sannan kuɗi ya fita. In ba mai son rubutu ba ne, ki karanta mashi a saƙon murya ya amsa da murya, yaronsa ya rubuta "haka ne". Dattawan kasuwa da yawa ba sa jin haushin wannan; wani ma cewa zai yi, "Hajiya kin hutar da ni."

Layin nan na "kada a cika da wani" shi ne darasin ankona, kuma ban sake tura oda babu shi ba. A kan launi, kada ki tsaya ga hoto. Fitilar shago tana canza ja ya koma ruwan hoda, shuɗi ya koma baƙi. Ki ce a fito da turmin bakin ƙofa a hasken rana, a ɗora farar takarda a gefensa, a yi gajeren bidiyo. Ki riƙe lambar zanen da ke jikin takardar turmi ko bakin zani, don da ita 'yan kasuwa suke gane kaya, ba da "mai ganye-ganyen nan" ba. Leshi yawanci yadi biyar ne, atamfa shida. Shadda ki tabbatar da yadi ake maganar ko mita, domin mita ta fi yadi tsawo, kuma a kan kaya masu tsada bambancin kuɗi ne sosai. Takalmi ki rubuta lamba da adadin kowace lamba, in ba haka ba a haɗo maki dozin da rabinta 37 ne, alhali matan da ke saye a hannunki 40 da 41 suke sawa.

Wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: a WhatsApp mutum yana iya gyara saƙonsa cikin minti 15, yana iya goge shi daga ɓangarorin biyu har kusan kwana biyu, akwai kuma saitin da ke sa saƙonni su ɓace da kansu. Ki kashe wannan saitin a hirarki da duk mai ba ki kaya, kuma da ya amsa ki ɗauki hoton allon ki ajiye.

Mataki na biyar: farashi, da abin da ya fi ragi

Kuɗin da aka sallama maki ba shi ne kuɗin kaya ba. Ga misali da lambobi na ƙirƙira don lissafi kawai. Turmi 20 a kan 9,000 ya kama 180,000. Ɗauri da dako 1,500, mota 4,000, Keke daga tasha zuwa gida 1,000, caji da kati 500. Jimla 187,000, wato kowane turmi ya iso maki a 9,350. In guda ya yi kwantai ko ya zo da aibin da ba a karɓa ba, sauran 19 sun koma kusan 9,850 kowane. Wadda ta sa 10,000 tana murnar ribar dubu ɗaya a turmi, ɗari da hamsin take ci. Da wannan lissafin ake kwatanta masu kaya biyu, ba da wanda ya fi faɗin ƙaramin farashi ba. Araha ba ta ado.

Ki yi tayi, haƙƙinki ne. Amma matsa wa mutum har sai ya sallama yana ɓata rai ba nasara ba ce. Zai fanshe a inda ba ki gani, a inganci ko a jinkiri. Akwai abubuwan da suka fi ragin naira ɗari amfani, kuma ba sa ci mashi komai: ya riƙa turo maki sabon zane kafin ya watsa wa kowa, ya ajiye maki kaya na kwana ɗaya kafin kwastoma ta biya, ya karɓi wanda ya yi kwantai cikin sati biyu ya musanya maki da wani, ya ba ki izinin amfani da hotunansa. Waɗannan ake roƙa bayan an yi oda huɗu ko biyar lafiya, ba ranar farko ba.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira kasuwa ta riƙa yanke mata daraja a watan Yuni na shekarar, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, kowa ya ga yadda farashin safe yake saɓa wa na yamma. Daga lokacin na koyi ƙara tambaya ɗaya: "Farashin nan har zuwa yaushe?" In ya ce zuwa Juma'a, to ni ma abin da zan gaya wa kwastoma ke nan. Ba na karɓar kuɗin mutane a kan farashin da ban tabbatar a ranar ba.

Mataki na shida: biya

Asusu ɗaya, wanda kuka tabbatar tun farko. Ranar da saƙo ya shigo daga lambarsa yana cewa "asusuna ya samu matsala, tura a wannan", ki dakata. Ana ƙwace WhatsApp ɗin mutane ta hanyar yaudararsu su faɗi lambobi shida da ake turowa, sai ɓarawon ya bi kwastomomi ɗaya bayan ɗaya da hoton mutumin da salon gaisuwarsa. Ki kira shi a layin waya, ba ta WhatsApp ba, ki ji muryarsa. Ke ma ki sa wa naki makulli na biyu, wato lambar sirrin da ake kunnawa a saitin WhatsApp.

Da sabon mutum, ki raba kuɗin: kafin alƙalami, sannan ciko bayan kin ga kayanki a bidiyo an ƙirga. Da kin tura, ki aika rasit, ki jira ya ce alat ya shigo. In kin ce Alhamis za ki cika, to Alhamis ɗin ce, ko da kwastomarki ba ta biya ba. In kin ga ba za ki iya ba, ki kira tun Laraba. A kasuwa ana yafe wa wanda ya kira. Wanda ya kashe waya ne ba a mantawa da shi.

Mataki na bakwai: daga shagonsa zuwa ƙofarki

Kaya da yawa ba a shago suke lalacewa ba, a hanya ne. Ku tsayar da tasha ɗaya da kuke amfani da ita. A rubuta sunanki da lambar wayarki a jikin buhu da babban alƙalami, a turo maki hoton buhun, lambar direba da lambar mota. Da damina a sa leda a ciki kafin buhu. Turare da man shafawa kada su haɗa buhu da yadi. Ki kira direba tun yana hanya, don kaya su kwana a tasha ba alheri ba ne. In za ki iya riƙe direba ɗaya ko biyu da kika sani, kina ɗan kyautata masu, kin rage rabin fargaba.

Idan kaya sun iso, kada ki yanke igiya sai an kunna bidiyo. Wani ya riƙe waya, a nuna buhun a ɗaure ta kowane gefe, a kwance, a ƙirga da ƙarfi, a buɗe kowane turmi. Minti biyar ne, amma shi ne shaidarki. Kuma ko komai lafiya, ki tura saƙo: "Alhaji kaya sun iso lafiya, sun cika, Allah ya saka da alheri." Mutumin da ba ya jin muryarki sai da ƙorafi, wata rana zai daina ɗaga wayarki da sauri.

Mataki na takwas: ranar da aka samu matsala

Za a samu, ko da wa kike hulɗa. A ranar ki sanar, kada ki bari sai bayan sati. Ki fara da sallama da gaisuwa kamar kullum, sannan hoto da bidiyo, sannan saƙon odar da ya amsa, sannan abin da kike so a yi: canji, ragi, ko maido da kuɗi. Ki faɗi ɗaya, kada ki bar shi yana canka. "Alhaji, cikin ashirin ɗin nan uku sun zo da tabon ruwa, ga su. Ina so in maido a canza, kuɗin motar maidowa mu raba." Wannan ya fi saƙon murya na minti bakwai.

Kada ki kai shi dandali tun bai amsa ba. Sa hoton mutum a status da kalmar "macuci" ƙofa ce da ba ta sake buɗuwa, kuma sauran 'yan kasuwa suna gani, suna auna yadda za ki yi da su. In ya ƙi sauraro, ki nemi wanda ya haɗa ku, ko uban gidansa, ko shugabannin layinsu. Kasuwanninmu suna da ƙungiyoyi da dattawan da ke sasanta irin wannan, kuma ɗan kasuwa yana jin kunyar a kira shi gabansu. Hukuma sai in ta tabbata zamba ce.

Ki kuma riƙa bambance kuskure da hali. Mai ankon nan, da na je Kano na zauna da shi na nuna mashi abin da canjin ya jawo mani, shiru ya yi, sannan ya karɓi turmi goma sha huɗun da ba a yanka ba. Har yau ina sari a hannunsa, kuma ko zare ne ya bambanta sai ya kira. Wanda na rabu da shi wani ne daban, da sau uku yadinsa yana zuwa da ragin taƙi ɗaya, kullum kuma da sabon dalili.

Mataki na tara: idan an fara ba ki kaya bashi

Wata rana zai ce, "Hajiya ɗauki, in kin sayar kya kawo." Ranar farin ciki ce, kuma ranar da ya kamata ki fi jin tsoro. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na kasuwa yana da ƙa'ida. Ki karɓi abin da kika san zai fita cikin kwanakin da kuka yanke, ba abin da ya miƙo ba. Ku rubuta adadi da rana. Kuɗin kayansa su zauna daban, kada su shiga adashi, kada su shiga gudummawar biki, kada kuma ki ɗauke su ki yi sari a wurin wani. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi kashe amana, kuma labarinsa yana isa kunnen mai kaya da wuri fiye da yadda ake zato.

Akwai kuma masu sa hoton kayan da ba su mallaka ba, sai an biya su sara. Hadisin Hakim bin Hizam ya hana mutum sayar da abin da ba ya wurinsa. Mafitar da malamai suke nunawa ita ce a fito fili: ko ki zama wakiliyar mai kaya da saninsa a kan la'ada, ko kwastoma ta san oda ce za ki kawo mai siffa kaza a rana kaza. Ki zauna da malamin da kika yarda da shi ki kwatanta mashi yadda kike yi dalla-dalla. Ta fuskar kasuwa ma ya fi, domin mai kayan da ya san ke wakiliyarsa ce zai gaya maki in abu ya kusa ƙarewa.

Mataki na goma: mutum na biyu, da kalandar shekara

Duk kayan da suka fi kawo maki kuɗi, ki samu mutum biyu da ke ba ki su. Babba ya riƙe kaso mafi yawa, na biyu ki riƙa ba shi 'yar oda lokaci-lokaci don kada ki zama baƙuwa ranar da kika buƙace shi. Ba cin amana ba ne, kuma ba sai an ɓoye ba. Abin da ba ya kyau shi ne ɗaukar farashin wannan a kai wa wancan da sunansa. Mu 'yan Katsina mun ga amfanin wannan da idonmu: da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, duk wanda hanyarsa ɗaya ce ta Jibia ko Kongolam zama ya yi.

Lokaci kuma rabin ciniki ne. Kayan ƙaramar Sallah a Rajab da Sha'aban ake saro su, domin azumi na kamawa teloli suke fara rufe karɓar ɗinki, masu kaya kuma ba su da lokacin yi maki bidiyo a bakin ƙofa. 'Yan Daura su ƙara da lissafin Sallar Gani. Ki gaya wa mai ba ki kaya abin da kike hasashen ɗauka tun wata guda kafin lokaci. Ko bai ajiye maki duka ba, zai tuna da ke in kaya sun yi wuya.

Masu oda daga Chaina, ku tuna mutum biyu kuke hulɗa da su, mai kaya da mai jigila, kuma na biyun ya fi shiga rayuwarku. Manhajar 1688 ta cikin gidan Chaina ce, da yarensu da kuɗinsu yuan, shi ya sa ake bi ta hannun wakili. Alibaba ita ce ta 'yan waje, kuma kariyar da take bayarwa tana aiki ne in an biya ta cikin manhajar, ba ta gefe ba. Jirgin sama da kilo yake caji, na ruwa da girman kwali. Kafin ki biya, ki tambayi mai jigila ko kuɗinsa ya haɗa da na kwastan, a wace dala zai lissafa, kuma a Legas zai sauke ko a Kano. A ce ya buɗe kwali a can ya ɗauki hoto kafin a ɗora, don maido da kaya Chaina ba abu ne mai yiwuwa ga ƙaramin ɗan kasuwa ba. Sabuwar shekararsu tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu suna rufewa na makonni, akwai kuma hutun farkon Oktoba. A 'yan shekarun nan azumi yana matsowa kusa da hutun sabuwar shekararsu, don haka kayan Sallah da za su zo ta ruwa tun kafin ƙarshen shekara ake tura kuɗinsu.

Mataki na ƙarshe: littafi, da yadda ake rabuwa

Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi, kowane mai kaya da shafinsa. Ranar oda, ranar da ya ce, ranar da kaya suka iso, nawa suka zo da aibi, me ya yi a kai, nawa ne tsakaninku. Bayan wata uku ki duba. Zuciya tana riƙe wanda ya iya gaisuwa, littafi kuma yana nuna wanda ya cika alkawari, kuma ba kullum suke zama mutum ɗaya ba. Wanda shafinsa ya yi kyau, ki ƙara mashi oda, ki gaya mashi dalili, ki tuna da shi da barka da Sallah, ki yi mashi ta'aziyya in ya yi rashi, ki tura mashi wata 'yar kasuwar da kika yarda da ita. Yaron shagon da ke ɗaure maki kaya ma, ɗan kuɗin kati lokaci-lokaci ba asara ba ne.

Wanda shafinsa ya nuna hali ne ba kuskure ba, ki fara yi mashi magana sau ɗaya a fili, da ranaku da adadi daga littafin. In bai canza ba, ki biya duk abin da yake binki har kwabon ƙarshe, ki karɓi abin da kike binsa, ki samu saƙon da ya ce babu komai tsakaninku. Sai ki yi mashi godiya, ki ce za ki ɗan dakata. Kada ki toshe lambarsa, kada ki ba da labarinsa a rukunin 'yan kasuwa sai in an tambaye ki kai tsaye, a nan kuma ki faɗi abin da ya faru kawai ba ƙari. A ranar ki bi shafukanki ki sauke duk hotunan kayansa, don kada gobe wata ta turo kuɗi a kan zanen da ba ki da hanyar samowa.